Sabunta Shafin Makarantar Iyo: Amsa Tambayar Iyaye Kafin Kwalliya

A watan Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan nutsewa a ruwa, inda ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021. Kusan ɗaya cikin huɗu na mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Idan aka auna da yawan jama'a, mace-macen sun ragu da kashi 38 cikin ɗari a duniya tun daga 2000, amma a yankin Afirka raguwar ba ta wuce kashi 3 ba. Saboda haka mai makarantar koyar da iyo ba kamar mai sayar da takalmi ba ne. Wanda ya leƙa shafinsa na intanet shawara yake yi da zuciyarsa ko zai miƙa ɗansa ga baƙo a cikin ruwa.

Yawancin masu irin wannan sana'a ƙananan 'yan kasuwa ne, wasu ma hayar awanni suke yi a wurin ninƙayar otel ko na wata makaranta. Idan ɗayansu ya ga shafinsa ya tsufa, ya kira mai gyara, abin da yakan fara nema shi ne sabon launi da bidiyon ruwa mai sheƙi a fuskar farko. A ganina daga nan aikin yake karkacewa. Mai buɗe shafin galibi uwa ce ko uba, a kan wayar hannu, da data ƙididdigagge, kuma tambayoyinsu ba su da yawa. Daga shekara nawa kuke karɓa? Yara nawa ne a hannun malami ɗaya? Ina zurfin ruwan ya tsaya? Zan iya zama in ga abin da ake yi? Nawa ne, kuma wace rana?

Manyan kamfanonin wannan fanni sun daɗe da gane haka. Goldfish Swim School, wadda aka kafa a jihar Mishigan ta Amurka a 2006, da alƙaluma take tallata kanta: yara huɗu ga malami ɗaya, darasi na minti 30, ruwa mai ɗumin digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, ana karɓa daga wata huɗu zuwa shekara 12. Kowane adadi a nan amsa ce ga wata fargaba. Ƙaramar makaranta ba ta da kuɗinsu, amma faɗin gaskiyar adadinta ba ya cin ko kwabo. Haka ma shaidar malamai. A Ostireliya iyaye na duba ko malami yana da takardar AUSTSWIM, a Ingila kuma ta Swim England. Duk inda makarantar take, ya kamata a ga sunan takardar da malamin ya mallaka, da ko ya iya taimakon gaggawa na farfaɗo da numfashi, maimakon a ce "ƙwararrun malamai" a wuce.

Wurin da shafuka da dama ke rikita mutane shi ne rabon azuzuwa. Makarantu na son raɗa wa matakansu sunayen kifaye da sauran halittun ruwa. Yara na jin daɗin hakan, amma uban da ke neman gurbi bai san ko ɗansa kaguwa ne ko kifi ba. Gyaran da ya fi amfani shi ne a yi masa tambaya uku ko huɗu kan abin da ya gani da idonsa: yaron yana yarda ya tsoma fuskarsa a ruwa? Yana iya kwantawa rigingine ruwa ya ɗauke shi? Yana iya tafiya ba tare da an riƙe shi ba? Daga amsoshin sai shafin ya nuna masa ajin da ya dace. A kuma faɗi inda aka dosa a fili. Manhajar makarantun Ingila ta tanadi cewa yaro ya iya ninƙayar aƙalla mita 25 kafin ya gama firamare. A Bangaladash, shirin SwimSafe yana koya wa yaran karkara a tafkunan gari, a cikin shingen gora, yadda za su tsira idan sun faɗa ruwa. Iya ruwa fidda kai, kuma wannan ne ma'aunin da iyaye suka fi fahimta.

Akwai alkawarin da bai kamata ya hau shafi ba ko da zai jawo ciniki. A 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yara da dama za su amfana da darasin iyo tun daga shekara ɗaya, amma ta jaddada cewa darasi ba ya hana yaro nutsewa, kuma ba ya maye gurbin idon babba. Shafin da ya bar uwa da tunanin cewa bayan darasi goma za ta iya juya baya a bakin ruwa ya cuce ta.

Sai jadawali da biyan kuɗi. Iyaye su ga ranaku da lokuta da guraben da suka rage, su zaɓa, su biya, ba tare da an ce su buga waya gobe da safe ba. Farashi ya fito ƙarara. Ɓoye shi yana sa mutum ya ɗauka ya fi ƙarfinsa. A kuma rubuta abin da zai faru idan yaro ya yi rashin lafiya ya rasa darasi, don a nan ne rigima ta fi tashi.

Ta fuskar fasaha, nauyi ne babban abokin gaba. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya kan fice idan shafi ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma kamfanin yana auna shafuka ne da yadda suke fitowa a waya, ba a kwamfuta ba. Bidiyon nan na fuskar farko shi ke cinye daƙiƙun. Makarantun iyo kuma suna da wata cuta tasu, wato farin rubutu a kan shuɗi mai haske, wanda ba ya karantuwa a rana. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa karatu ga masu raunin gani ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1.

Asarar da ta fi ciwo kuwa ba a ganinta ranar buɗe sabon shafi. Idan aka canza adireshin kowane sashe ba tare da an sa umarnin turawa mai lamba 301 ba, duk wanda ya biyo tsohuwar hanya daga Google ko Facebook zai tarar da wayam. Kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ya sauya shago bai bar sallahu wajen maƙwabcinsa ba. Shi ya sa mai hankali ba ya sauya shafi ana gab da dogon hutu, lokacin da rajista ke kankama.

Batun hotuna yana bukatar tsayawa. Yara ne a cikin kayan wanka, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka da sauƙi. Takardar rajista ma tana tattara sirri, domin dole malami ya san ko yaro yana da farfaɗiya ko asma. A Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, ta kuma sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar ƙarin kariya. A raba yardar shiga aji da yardar ɗaukar hoto, kada ɗaya ta zama sharaɗin ɗaya.

Wanda zai buɗe irin wannan makaranta a Kano ko Kaduna yana da ƙarin tambayoyin da shafin Amurka ba zai koya masa ba. Akwai lokacin mata zalla? Malama ce ke koyar da 'yan mata? An yarda da kayan wanka masu rufe jiki? Idan shafi ya yi shiru a kan waɗannan, magidanci ba zai kira ya tambaya ba, rufewa kawai zai yi. Maɓallin WhatsApp da bayani da Hausa za su fi kowace kwalliya aiki. Gaskiya ne cewa yaran da suka fi shiga haɗari, masu wanka a kududdufi da damina ko masu tsallaka ruwa a kwale-kwale irin ɗaliban da suka rasu a madatsar Watari ta Bagwai a 2021, ba ta shafin intanet za a kai gare su ba; wannan nauyi ne na hukuma da al'umma.

Kafin a biya mai gyara cikon kuɗinsa, a gwada aikin. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafuka, ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsaloli. A miƙa wa iyaye biyar waya, a ce kowa ya nemo wa yarinya 'yar shekara shida gurbi ranar Asabar, a zuba ido ba tare da an taimaka ba. A kuma tabbatar mai makarantar da kansa zai iya sauya jadawali da farashi daga wayarsa, ba sai ya jira mai gyara ya amsa kira ba.