Zakaran Arha Da Akurkin Gwaggo

A tsakiyar wani hunturu gwaggona ta ba da saƙo kasuwar ƙauye a sayo mata zakara. Aka dawo mata da wani ja, dogo, mai ƙoshi, ga canji mai kauri a kai, don kuɗin da aka sallama shi bai kai rabin abin da ake sayar da irinsa ba. Ta jinjina shi ta ce yau ta yi tsuntuwa. Nan take aka kwance masa ƙafa, aka sake shi a tsakar gida cikin kajinta 23, waɗanda ta shekara 4 tana tarawa daga kaza guda da aka ba ta kyauta.

Kwana 2 zakaran ya fara takurewa a gindin bango, ido a lumshe, fikafikai a sake kamar wanda ya yafa bargo. Kafin mako ya zagayo, kajin gida sun kama zawo kore, suna buɗe baki suna jan numfashi da ƙyar. Wasu wuyansu ya murɗe, kai ya koma yana kallon sama, suna ta juyi a wuri ɗaya. Bayan mako 2 saura kaza 3.

Da na je gaishe ta, na tarar tana share akurkin da babu kowa a ciki. Na ce, "Gwaggo, ina kajin?" Ta ce, "Ɗan nan, iskar bana ce. Ta share unguwar nan kaf." Na ce, "Gwaggo, ai iskar nan a hammata aka shigo miki da ita."

Abin da ya kashe kajin gwaggo ba iska ba ne, ba kuma kambun baka ba. Cuta ce da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta wajen 1926, kuma babu cutar da ta kai ta cin kajin gida a ƙasashenmu. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Tana bin numfashi, kashi, majina, da duk abin da suka taɓa: kwanon ruwa, kejin ɗan kasuwa, takalmin wanda ya taka kashin kaza mai ciwo. Ta fi ƙamari da hunturu saboda ƙwayar tana daɗewa a raye cikin sanyi, kuma lokacin ne kaji ke yawan kai-komo tsakanin kasuwanni saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. Kaza takan ɗauki cutar ta yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har mako 2, tana kiwonta kamar lafiya lau.

A nan arhar take fitowa. Wanda ya wayi gari ya ga kaji 2 sun mutu a gidansa, ya san abin da ke tafe, sai ya kwashe sauran ya nufi kasuwa kafin su nuna alama. Ba lallai mugunta ba ce, gudun asara ne. Amma asarar ba ɓacewa take yi ba, gida kawai take sakewa. In ka ga kaza mai kyau ana neman rabuwa da ita a kan ko nawa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka tambayi kanka me ya sa. In kuma ka saya, ko an ba ka kyauta, ko surukai sun aiko, kada ta taka inda kajinka suke sai ta yi mako 2 zuwa 3 a ware, da kwanon abincinta da na ruwanta daban. Wanda ke kula da su ya fara da kajin gida, ya ƙare da baƙuwar, sannan ya wanke hannu da sabulu.

Cutar nan ba ta da magani in ta kama. Ya kamata a ji wannan da kyau, domin kuɗin da ake zubarwa wajen neman maganinta ya ishe a yi wa kajin unguwa guda rigakafi. Ja-da-yalo da ake ɓarewa a ruwan kaji ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Barkono, sabara da maɗaci ma haka. Abin da ja-da-yalon ke yi shi ne ya zauna a nama da ƙwai, iyali su yi ta cin sa kaɗan-kaɗan, har ranar da yaro zai kwanta ciwo a ba shi irin maganin ya ƙi aiki. Ko maganin da likitan dabbobi ya rubuta ne, akwai kwanakin da aka ƙayyade a jikin takardarsa da ba a cin ƙwai ko nama bayan an daina bayarwa. A karanta, ko a ba wanda ya iya ya karanta.

Rigakafi kuwa akwai shi, ba shi da tsada. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana haɗa nau'o'insa. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai kuma I-2 da ake ɗigawa a ido, wanda ya fi jure zafi, don haka ya fi dacewa da ƙauyen da babu firij. Kajin gida ana maimaita musu duk bayan wata 3 zuwa 4, kuma zagayen da ya fi muhimmanci shi ne na kafin shigowar sanyi, wajen Oktoba. Kwalba ɗaya takan ishi kaji 100 ko fiye, in an buɗe kuma ba ta kwana. Saboda haka dabara ita ce gida 8 ko 10 su haɗa kuɗi, a sa rana, a yi da sassafe kafin a saki kaji. Ribar biyu ce, don kajin maƙwabci da naka juji ɗaya suke tona.

Lasota tana da sharuɗɗa, kuma a nan mutane da yawa ke yin aikin banza. Dole a ɗauko ta cikin ƙanƙara. Wadda ta wuni a rana kan teburin mai shago ta riga ta mutu, ruwa ne kawai. Ba a haɗa ta da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, sai ruwan rijiya mai tsabta. A janye wa kaji ruwa na awa 1 ko 2 don su ji ƙishi, su shanye cikin awa 2. Kuma lafiyayyu ake yi wa. In ciwo ya riga ya shigo gida, an makara.

Sai batun yanka. Al'adarmu ce in kaza ta fara layi a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Daga nan a fige, a watsar da gashi da hanji a juji, kare ya ja, kajin maƙwabta su tona. Ta haka ciwon gida ɗaya ke zama na unguwa. Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Murar tsuntsaye tana kama da Niyukasil ƙwarai, har ba a iya rabe su da ido sai a ɗakin gwaji, ita kuwa tana iya kama mutum. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna. Cikin wannan watan dai ta ɓulla a Magarya ta jihar Damagaram. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas, ta kuma dawo da ƙarfi a 2015. In kaji suna faɗuwa da yawa cikin kwana 1 ko 2, tukkunsu ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kada a yanka, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A sa leda a hannu a ɗauke, a haƙa rami mai zurfi a binne, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

Akurki ba sai ya ci kuɗi ba, amma yana da buƙatu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina shi kamar rumbu, a toshe ko'ina don gudun sanyi da muzuru. In ka leƙa da safe wari ya sa idonka hawaye, to haka kajin suka kwana suna shaƙa, kuma wannan ke buɗe ƙofar ciwon numfashi. A bar tagogi manya a sa musu waya mai ƙananan ido, wadda ɓera da maciji ba za su bi ba, da sanyi a rataya buhu a ɓangaren da iska ke bugowa. Tsawon akurkin ya bi gabas da yamma don rana kada ta shiga ta yini a ciki. Kaza ba ta gumi, haki kawai take yi, don haka rufin kwano a watan Afrilu tanda ne. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kai. A ɗaga daɓen sama da ƙasa saboda damina, a zuba buntun shinkafa ko ɓawon katako, a riƙa juyawa. Shimfiɗa mai danshi ita ke kawo kashin jini da ke kashe matasan kaji. A gitta musu sanda su riƙa hawa da dare. Ƙwarƙwata kuma, a tara musu toka da yashi a lungu su yi birgima, a nemi hodar da aka yi don kaji. Fiya-fiya guba ce, ba a shafa wa abin da za a ci.

'Yan tsaki su ne inda sabon mai kiwo ke fara kuka. Da farko, a san wurin wanda ake saya. Masu yawo da kwali a tasha da bakin hanya sukan sayar da tsakin zakarun kajin ƙwai, waɗanda gidajen ƙyanƙyasa ke rabuwa da su a arha, a ce maka na nama ne ko masu ƙwai. Sai ka yi wata 3 kana zuba abinci, su fara cara. Irin da aka sani suna nan: ShikaBrown mai ƙwai, wadda cibiyar binciken kiwo ta Shika a Jami'ar Ahmadu Bello ta samar, da Noiler mai nama da ƙwai da ke iya kiwon tsakar gida. A saya wurin dillalin da ke da shago, wanda za ka iya komawa ka same shi, ya kuma gaya maka rigakafin da aka riga aka yi musu da ranar da za a ba su na Gumboro, cutar da ke kwashe tsaki tsakanin mako 3 zuwa 6.

Tsakon da ba shi da uwa yana buƙatar ɗumi kamar digiri 33 a ma'aunin salshiyas a makon farko, ana ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Ba sai kana da ma'auni ba, su da kansu za su gaya maka. In sun cure a jikin fitila suna tsuwwa, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za su mutu da danniya. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna tsattsaga abinci, wasu na barci, to daidai ne. Kwalin da aka sa su ya zama ba shi da kusurwa, don a nan suke taruwa su danne juna. Masu ɗumama su da gawayi su kula: a bari ya ruru a waje tukuna, a bar kafar iska, kuma kada mutum ya kwana a rufaffen ɗaki da kaskon gawayi. Hayaƙinsa marar wari yana kashe tsaki, yana kashe mutum cikin barci. Ruwa ake fara ba su in sun iso, da ɗan sukari, a faranti marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa don kada su faɗa su jiƙe. Dusa zalla ba ta raya tsako. A nemi abincin farko da ake sayarwa, in babu a haɗa tsakin masara da garin waken suya da aka soya, a ƙara musu gara. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi funfuna kada a ce bari a ba kaji don kada a yi asara. A 1960 irin wannan gubar ta garin gyaɗa ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila, daga nan ne ma aka gano ta.

Yanzu kuma an shiga yayin kajin ado. Matasa na sayen Brahma, mai girma da gashi har ƙafa, da Silkie mai laushin gashi kamar auduga, a kan kuɗin da a da tunkiya ake saye da shi. Sha'awa ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Sai dai tsadar kaza ba ta hana ta kamuwa, kuma masu wannan harka sun fi kowa musayar zakaru da kai kaji gidan juna. A kula da ruwa-biyu da ake sayarwa a matsayin tsantsa, gara ka ga uwa da uba da idonka kafin ka sayi ƙwai. Zakara 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10, a kuma riƙa sake shi daga wani gida, don in yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasa takan ragu, tsaki su fito raunana. Ƙwan da za a sa a kwanci kada ya wuce kwana 7 da sakawa, kada a wanke shi. Injin ƙyanƙyasa yana son zafi kamar digiri 37.5 ba yankewa har kwana 21, abin da wutarmu ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda ba shi da sola, kazar Hausa mai kwanci ta fi masa inji: a sa mata ƙwan Brahma 7 ko 8 da dare, tun da sun fi nata girma, za ta ƙyanƙyashe ta kuma yi renon da babu fitilar da za ta yi. A kwana na 10 a haska ƙwan da tocila cikin duhu, wanda aka ga fayau babu jijiyoyi a cire shi kafin ya fashe ya ɓata saura.

Kaji 3 da suka tsira a gidan gwaggo su ne suka sake cika akurkin. Yanzu akwai wani tsohon keji a bayan zaure, nesa da tsakar gida, wanda jikokinta ke kira masaukin baƙi. Kwanan baya ƙaninta ya kawo mata budurwar kaza daga ƙauye, ya ga an wuce da ita can, ya ce, "Yaya, kazar tawa ce ba ki yarda da ita ba?" Ta ce, "Kai ma da fikafikai gare ka, nan za ka yi mako 3."