Shawarar Marnona

Ranar 15 ga Maris 1903 bindigogin Turawa suka watsa rundunar Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya kama hanyar gabas da niyyar hijira. Waziri Buhari kuwa a Marnona ya tsaya, cikin ƙasar Wurno, da taron jama'ar da suka baro gidajensu.

A nan ya tara malamai ya shimfiɗa musu matsalar: a bi Sarkin Musulmi, ko a koma a zauna ƙarƙashin Nasara? Tambaya ce mai nauyi, domin da hijira aka kafa daular Sakkwato tun da Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Sai dai malaman sun dubi abin da ke gabansu. Hanyoyi babu abinci, wasu ko ruwan sha babu, ga Turawa sun tare kowace kusurwa, ga masu rauni da ba za su jure tafiya ba. Suka ce ya halatta a yi sulhu da harshe, zuciya na riƙe da imaninta, wato taƙiyya. Waziri ya koma Sakkwato, kuma cikin mako guda aka naɗa Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, sabon Sarkin Musulmi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fatawar ba ta kwantar wa Waziri da hankali ba. Tsoro ya yi ta cin sa, kada ya zamana ya sayar da addininsa. Har sai da ya nemi alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, wanda ya nuna masa cewa idan kowa ya tashi, ƙasar za ta zama ta kafirci ke nan, kuma Turawan ba su hana salla ba. Daga baya Waziri ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa. Mai neman kujera kawai ba ya wahalar da kansa haka.

Attahiru ɗan Ahmadu kuwa ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Waziri Buhari ya rasu a 1910, ya bar ƙaramin yaro mai suna Junaidu, wanda ya girma ya riƙe wazircin Sakkwato, ya kuma adana littattafan magabatansa.