Goshin Klingon da Sarautar Kabi

Tun da Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina suka biyo baya, masu kallo a ƙasar Hausa suka ƙware wajen kama marubuci da mantuwa. A ce a zango na biyu mahaifin wance ya rasu tana goye, a zango na biyar kuma a ji ta tana ba da labarin ranar da ya raka ta makaranta, to kafin gari ya waye an yanko wuraren biyu an jera su a Facebook. Wannan fa labarin gida ɗaya ne ko unguwa ɗaya. To ina ga shirin da aka kusa shekara sittin ana yi, hannu ɗaruruwa sun rubuta shi, kuma abin da ake bibiya a cikinsa al'umma ce sukutum ta halittun wata duniya, da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta da kamanninta?

Irin wannan labari ba baƙo ne gaba ɗaya a adabinmu ba. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauki yaro ya kai shi yawo sama. Amma a littafi guda, baƙo yakan zo ya tafi, a rufe shafi, magana ta ƙare. A talabijin kuwa sai ya dawo, don dalilai biyu da ba su da alaƙa da fasaha. Na farko kuɗi: idan an kashe dukiya an ƙera fuskokin roba da tufafi da jirgin wata al'umma, furodusa ba zai yarda a jefa su sito bayan fitowa ɗaya ba. Na biyu farin jini: abin da masu kallo suka so, dole a sake kawo musu shi. Kowace dawowa kuma takan bar shekara a rubuce cikin tarihin waɗannan halittu, ko marubuci ya lura ko bai lura ba.

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar Star Trek, shirin Amurka da Gene Roddenberry ya ƙirƙira, aka fara nuna shi a 1966, labarinsa kuma yana faruwa wajen shekarun 2260. A 1967 aka shigo da 'yan Klingon, mayaƙa masu daula, abokan gabar mutanen duniya. Kwalliyarsu a lokacin ta masu ƙaramin ƙarfi ce: a shafa wa ɗan wasa duhun fenti a fuska, a ƙara masa gira da gashin baki, shi ke nan. Da aka zo yin fim na silima a 1979, kuɗi ya samu, sai ga 'yan Klingon da goshi mai tudu-tudu kamar bayan kada. Ba wanda ya yi bayani. A 1987 aka fara sabon shiri mai faruwa a 2364, da wani ɗan Klingon mai suna Worf cikin manyan taurari, shi ma da irin wannan goshi.

Masu kallo suka shiga nema wa shirin mafita da kansu. Mafi karɓuwa ita ce a ce ai ƙabila biyu ce a daula ɗaya, masu sumul ɗin goshi da masu tudu. Sai a 1994 shirin Deep Space Nine ya rushe wannan ginin: aka dawo da Kor da Kang da Koloth, jarumai uku na tsohon shirin, 'yan wasan nan dai na da, sun tsufa, kuma kowanne da tudun goshinsa. Mutum ɗaya ke nan da fuska biyu. Bayan shekara biyu, a bikin cikar shirin shekara talatin, aka yi wani kashi da taurarin sabon zamani suka koma baya, aka cusa su cikin hotunan 1967. Suka zauna a mashaya kewaye da 'yan Klingon masu sumul ɗin goshi, abokan Worf suka dube shi suna neman bayani, ya ce abu ne da ba sa tattaunawa da bare. A ganina a nan ya kamata a tsaya. An amsa cewa an ga giɓin, an yi dariya, an kuma ƙara wa al'ummar wani abu da ya dace da halinta: akwai abin kunya a tarihinta da take ɓoyewa.

Ba a tsaya ba. A 2005 shirin Enterprise, mai faruwa a shekarun 2150, ya ba da kashi biyu cur don warware batun. Aka ce masana Klingon sun yi ƙoƙarin ƙara wa mayaƙansu ƙarfi da ƙwayoyin halittar wasu mutane da aka sarrafa, abin ya gauraya da wata mura ya zama annoba, maganin da aka samo ya ceci rai amma ya shafe tudun goshi, har ga 'ya'ya da jikoki. Bayanin ya zauna daram, ba laifi. Sai dai a 2017 wani sabon shirin, Discovery, mai faruwa a 2256, ya sake wa 'yan Klingon kama ɗungurum, ba gashi a ka, fuska ta ƙara nauyi. Aikin da aka yi na ɗinke ɓaraka ya koma ɗanye.

Shi Enterprise ɗin matsalarsa ta fi goshi girma, domin an yi shi ne daga baya amma labarinsa ya riga na kowa. Masu shirin suna son kawo halittun da jama'a suka saba da su, alhali tarihin da aka riga aka kafa ya ce ba a san su ba tukuna. 'Yan Ferengi, 'yan kasuwar nan masu manyan kunnuwa, an nuna cewa sai a 2364 aka fara ganinsu ido da ido. Da aka so kawo su shekara ɗari biyu kafin nan, sai aka sa ɓarayi huɗu suka shiga jirgi suka yi sata suka fita ba tare da sun faɗi sunan ƙabilarsu ba. Wannan wayo ne irin na lauya, kuma mai kallo yana ji a jikinsa cewa an zagaye shi. Na 'yan Romulan ya fi kyau. Tun 1966 aka ce an yi yaƙi da su shekara ɗari baya ba tare da wani ya ga fuskarsu ba, don haka Enterprise ya bar su a murya ta rediyo da jiragen da ake tuƙawa daga nesa. Ƙa'idar da ta ɗaure marubuta ita ta ba labarin tsoro. Na 'yan Borg kuwa, wasu maƙiyan na shirin, an jingina shi da fim ɗin 1996, inda suka yi tafiya baya cikin zamani zuwa 2063, aka ce ragowarsu ne aka tono cikin ƙanƙara.

Ingila ta bi wata hanya. Doctor Who na BBC ya fara a Nuwamba 1963, wata guda bayan haka Terry Nation ya kawo Dalek, halittu masu zama cikin sulken ƙarfe. A ƙarshen wannan labari an hallaka su, kuma an nuna ba sa iya barin birninsu domin daga daɓen ƙarfe suke samun wuta. Yara suka haukace a kansu, dole a 1964 aka dawo da su sun mamaye Landan, an maƙala musu faifai a baya don samun wutar, aka ce wancan halakar a can gaba take da nisa. A 1975 aka sake musu asali, aka kawo wani masani Davros a matsayin wanda ya ƙera su. Da aka farfaɗo da shirin a 2005 bayan dogon hutu tun 1989, marubucinsa Russell T Davies ya ce an yi wani gagarumin yaƙi a cikin zamani kansa, wanda ya dagula abin da ya gabata. Da wannan jimla guda ya sami izinin ɗaukar abin da yake so ya bar saura. Dabara ce mai aiki, amma tana da tsada: idan komai na iya gogewa, mutuwar maƙiyi ta daina tayar wa kowa da hankali.

Akwai abin da mutumin Kabi ya sani wanda da yawan masu gardamar nan ba su lura da shi ba. Baƙo ya sauka Birnin Kebbi ya tambayi fadar Sarkin Kabi, sai a ce masa sarkin da ke nan Sarkin Gwandu ne, Sarkin Kabi yana Argungu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Da fim ne, da an ce marubuci ya ruɗe. Alhali kuwa tarihi ne ya yi tafiyarsa. A Tarihin Sudan na Abdurrahman Assa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, Kabawa sun fito ne a matsayin mutanen Kanta, wanda ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1516 bayan yaƙin Agadas, a kan rabon ganima. Daga nan suka zama daula mai hedkwata a Surame, wadda kufanta ke cikin jihar Sakkwato a yau. Wajen farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi daga Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, har zuwan Turawa. A 1934 kuma Kabawan nan ne suka tarbi Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da bikin kamun kifi, wanda daga shi bikin Matan Fada na yau ya samo tsarinsa.

Jera waɗannan fitowa ba bisa tsari ba, ka nuna wa wanda bai san ƙasar ba: 'yan tawaye, masu daula, korarru, mayaƙan fadama, masu masaukin baƙi. Zai rantse al'umma biyar ce. Abin da ya haɗa su shi ne kowane sauyi yana da sanadi, kuma akwai jerin sarakuna da za a bi a gane wa ya gaji wa, har kaburburansu suna nan a gidan tarihin Kanta da ke Argungu. Kuskuren da marubutan baƙin halittu suka fi yi ba sauya su ba ne, daskarar da su ne: a ce duk ɗan Klingon mayaƙi ne, duk ɗan Ferengi mai haɗama ne, shekara ɗari uku ba abin da ya motsa. Inda Star Trek ya fi burgewa shi ne inda ya bar 'yan Klingon suka yi tarihi, daga gaba a shekarun 2260, zuwa sulhu a 2293 bayan wata masifa ta karya tattalin daularsu, zuwa ƙawance mai tangal-tangal a zamanin Worf. Babban birni, addini, abokin gaba, salon tufafi, har harshe, duk suna iya juyawa, kuma ya kamata su juya. Abubuwan da ba sa juyawa da sauƙi kaɗan ne: surar jiki, tsawon rai, da ranar da aka fara haɗuwa. A kan waɗannan ukun ne kusan duk rigimar da na ambata ta tashi. Ko a 2022 da shirin Strange New Worlds ya mai da Gorn, halittu masu kama da ƙadangare, maƙiyan da ake ta karo da su wajen 2259, tsofaffin masu kallo sun tuna cewa a kashin 1967, mai faruwa bayan haka, Kyaftin Kirk, babban tauraron tsohon shirin, ya yi kamar bai taɓa jin labarinsu ba.

An taɓa gwada rigakafi. J. Michael Straczynski ya tsara Babylon 5 a matsayin labarin shekara biyar tun kafin a ɗauki hoto, kowane zango shekara guda, daga 2258 zuwa 2262, ya kuma rubuta kashi 92 cikin 110 da hannunsa. Ya san yaushe kowace al'umma ta yi yaƙi da wace, wanne ya faru shekara goma baya, wanne shekara dubu. Har ƙofar fita ya tanadar wa kowane tauraro ko da ɗan wasa zai bar aiki, kuma ta yi amfani, domin babban jarumin ya tafi bayan zango na farko. (Duk wanda ya bi Labarina lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin ya san darajar irin wannan tanadi.) Star Trek kuwa sai a 1993 Michael da Denise Okuda suka tattara shekarunsa a littafi guda, bayan an yi shekara ashirin da bakwai ana zuba su barkatai.

Saboda haka matashin da ke zaune a Birnin Kebbi da kwamfuta da burin yin irin wannan shiri da Hausa, kafin ya zana fuskar baƙonsa, ya sayi littafin rubutu ya ware wa kowace al'umma shafi. Ya rubuta shekara nawa suke rayuwa, wa ke mulkinsu a kowane zamani, yaushe suka fara ganin ɗan Adam kuma wa ya shaida. Abin da bai yanke ba kada ya bari wani tauraro ya furta shi, musamman kalmomin nan masu haɗari irin su "ba a taɓa ba" da "karo na farko". Ya kuma yi hattara da shekara ta kusa. A 1966 Doctor Who ya sa duniyar wasu maƙiya masu suna Cybermen ta iso kusa da tamu a 1986, shekarar ta zo shirin yana kan gudana. Star Trek ya ce a 1967 wai wani azzalumi Khan ya mulki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya daga 1992 zuwa 1996, sai da aka zo a 2023 aka ce masu tafiya cikin zamani ne suka tura lamarin gaba. Yanzu saura 5 ga Afrilu 2063, ranar da shirin ya ce baƙi daga sama, 'yan Vulcan, za su sauka a Montana, kuma jaririn da aka raɗa wa suna bana zai riski ranar bai cika arba'in ba.