Wai garkuwar duniya ta tsage? Ga gaskiya, ga ƙarya

Kusan duk shekara sai saƙon nan ya sake zagayowa a WhatsApp: wai a kashe waya daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare, a nisanta ta daga jiki, domin wasu haskoki masu haɗari za su ratsa kusa da duniya. Yau a jingina shi ga NASA, gobe ga BBC, alhali babu ɗayansu da ya fitar da shi. Daga baya aka yi masa ƙari, wai garkuwar maganaɗisun duniya ta tsage, shi ya sa zafi ya yi yawa. Abin da ya hana wannan jita-jita mutuwa shi ne akwai ɗan gaskiya a cikinta.

Garkuwar dai akwai ta. Rana tana feso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki dare da rana, suna gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya. Su ake kira iskar rana. Duniya kuma tana da ƙarfin maganaɗisu da ke fitowa daga narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta. Inda ƙarfin biyu suka yi kunnen doki, nan ne iyakar garkuwar. Ta ɓangaren da ke fuskantar rana tana da nisan kusan kilomita 65,000 daga tsakiyar duniya, ta baya kuwa ta miƙe har ta wuce wata. Iskar takan rabu ta kewaye mu kamar yadda ruwan kogi ke kewaye dutse. Sydney Chapman da Vincenzo Ferraro sun yi hasashen wannan iyaka tun 1931, kumbon Explorer 12 kuma ya auna ta a 1961.

To, ta tsage? A nan ne masu yaɗa labari suke ɗaukar gaskiya su yi mata kwalliyar tsoro. Iyakar ba katanga ba ce. Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun, kuma duk lokacin da ya juya kudu, sai ya haɗe da na duniya, ƙofa ta buɗe, wani kaso na ƙarfin ya shigo. James Dungey ya bayyana haka a 1961, kuma a 2015 NASA ta harba kumbo huɗu masu suna MMS musamman don su leƙa yadda abin ke faruwa. Wannan buɗewa da rufewa al'adar wurin ce, tana faruwa a kai a kai tun kafin a san waya. Wanda ya ce ta tsage yau, sai a tambaye shi yaushe ta taɓa zama a kulle.

Iyakar tana kuma matsawa. A daren 10 ga Mayu 2024 guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta danno ta har ta shigo ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke shawagi, wato kilomita 36,000 sama da ƙasa. An ga hasken mai launi da aka saba gani a sararin can arewacin duniya har a Meziko. Manoma a Amurka sun tsayar da shuka saboda na'urar GPS ta taraktocinsu ta rikice. Da guguwar ta lafa, iyakar ta koma mazauninta.

Ɓarna kuwa tana yiwuwa, amma ba inda saƙon ya nuna ba. Guguwar tana haifar da lantarki a cikin dogayen wayoyi masu ɗaruruwan kilomita. A Maris 1989 ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na tsawon awa 9, a 2003 ta lalata manyan taransfoma a Afirka ta Kudu, a Fabrairu 2022 kuma, ta wata hanya daban, kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin Starlink 38 cikin 49 da ya harba. Wayar hannu ta yi ƙanƙanta da a ce irin wannan lantarki ya taru a cikinta, kashe ta ba ya kare kowa daga komai. Jikin mutum ma yana da wata kariyar: iskar da ke kanmu, wadda nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10.

Batun zafi ƙarya ne tsagwaronta. Ƙarfin da iskar rana ke shigowa da shi bai kai komai ba idan aka gwada da hasken rana na kullum, kuma can sama yake ƙarewa. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Yamai ba daga can yake ba.

Saura masu cewa maganaɗisun duniya na dab da kifewa. Gaskiya ne ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a shekara 200 da suka wuce, kuma ya sha juyawa a tarihi, karo na ƙarshe shekara 780,000 baya. Sai dai juyawar tana ɗaukar dubban shekaru, kuma ko a tsakiyarta ƙarfin raguwa yake yi, ba ya ɓacewa ɗungurungum.