Idan umarni ya sauya, a sauya takardarsa

A shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita gajerun lambobin da ake dannawa a waya. Duba kuɗi ya koma *310# a kowane layi, sayen data kuma *312#. Kafin nan mai layin MTN *556# yake dannawa, mai Airtel kuwa *123#.

Waɗannan lambobi umarni ne da ake rubuta wa na'ura, tamkar wanda masu haɗa manhaja ke bugawa a allon kwamfuta. Harafi ɗaya ya kauce, na'ura ba za ta amsa ba. Shi ya sa a 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta jagorar tsarin Unix a Amurka, kowane umarni da bayaninsa. Har yau mai aiki da Linux kan buga kalmar man ya karanta irin wannan bayani, kuma masana sun ɗauki gyaransa a matsayin wani ɓangare na gyaran manhajar kanta.

Darasin ya shafi mai sayar da kati a bakin titin Kankia da ma'aikacin sakatariyar Kusada. Tsohuwar takarda a jikin bango ta fi rashin takarda illa, domin mutane sun amince da ita. Kafin a manna sabuwa, a gwada kowace lamba, a rubuta ranar gyara, sannan a yage tsohuwar.