Masu Gida ba Gida: Damuwar Wani Masoyin Pillars a Matamaye

A bakin kasuwar Matamaye akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa wanda ya daɗe yana bin hanyar Ɗan Barto da Daura zuwa Kano saro kaya. A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya kamu da son Kano Pillars, ƙungiyar tamola da aka kafa a 1990, wadda ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. Ba shi kaɗai ba ne, domin ƴan kasuwar yankin Damagaram da dama sukan daidaita ranar saro da ranar wasa a filin Sani Abacha.

In aka zauna hira a rumfarsa bayan la'asar, da shekarun daɗi yake farawa. Pillars ta ɗauki kofin Najeriya a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da ƙarshe. Daga 2012 zuwa 2014 kuwa sau 3 a jere tana riƙe da kofin. A wancan zamani baƙo in ya shiga Kano da fargaba yake shiga.

Amma a 2022 sai ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a cikin fili kaɗai aka sha kashi ba. A shekarar ne wasu magoya baya suka farfasa motar Katsina United, hukumar gasa ta zabtare wa Pillars maki. Ta koma rukunin farko a 2023, daidai lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai ya koma bin wasanni ta rediyo har aka buɗe a 2024. A Oktoba 2025 kuma ƴan kallo suka afka cikin fili bayan kunnen doki da Shooting Stars. Aka sake cire maki 3, aka ci tara, aka mayar da wasannin gida Katsina.

A ganinsa, kamar yadda yake yawan faɗa wa abokan hira, makin da ɗan wasa ya samo da gumi cikin minti 90, mai jifa yakan zubar da shi cikin minti ɗaya. Ba ya ɗora laifi a kan alƙalan wasa. Lissafin ɗan kasuwa yake yi: ranar da aka kulle fili, ƙungiya ta rasa kuɗin ƙofa, mai tuƙa mota da mai sayar da abinci a bakin fili su ma sun rasa ciniki.

Wani ma'aikacin gwamnati da ke zama a rumfar yakan tsokane shi da cewa Alhaji ya bar gida yana kukan maƙwabta, alhali Espoir ta Damagaram ita ma ta taɓa zama zakarar Nijar a 1984. Ba ya musu. Yakan ce darasin ɗaya ne ga Kano da Damagaram: ƙungiya ba ta ɗorewa sai shugabanni sun biya ƴan wasa kan kari, masu kallo kuma sun iya haƙurin shan kashi. Har yanzu dai, duk ranar da Pillars ke wasa, ƙaramar rediyonsa tana kan dilar atamfa a kunne.