Lasifika Mai Girman Firji: Me Ya Sa Masu Haɗa Ƙaho a Gida Ba Sa Iya Rage Girmansa?

Lasifikar da ke saman masallacin unguwa ba ta cin wuta sosai, amma ana jin ladan daga nesa. Sai dai da za ka saka mata kiɗa, ba za ka ji kaurin ganga ba, sai siririn sauti. Sirrin ƙarfinta da na gazawarta duk ɗaya ne: ƙahon nan da ke gabanta. A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da suka mayar da haɗa irin wannan ƙaho da katako abin sha'awarsu, suna ƙera akwatuna masu girman firji don kawai su saurari kiɗa a falo. Shin son girma ne, ko dole ce?

Ƙaho ba ya ƙara wuta

Sifika ta yau da kullum takarda ce mai siffar mazurari, wadda maganaɗisu da naɗin waya ke turawa gaba da baya. Matsalar ita ce iska ba ta da nauyi: akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, iskar cikinsa kilo 1.2 ce kacal. Idan takardar ta turo, sai iskar ta zame gefe. Shi ya sa a mafi yawan sifikun gida, wajen kashi 1 cikin 100 na wutar da amfilifaya ta aiko ne ke zama sauti. Sauran zafi yake komawa.

Ƙaho yana tare iskar a ƙaramar kafa, wato maƙogwaro, inda ba ta da wajen gudu, dole ta matsu. Daga nan hanyar ta riƙa buɗewa sannu a hankali har zuwa baki. Aikinsa kamar na giyar mota ne: ba ta ƙara wa inji ƙarfi, tana dai daidaita ƙarfin da nauyin da za a ja. Da ƙaho mai kyau, kashi 10 har zuwa 50 na wutar kan iya zama sauti. Haka garmaho ta cika ɗaki da waƙa babu lantarki, haka kuma bakin kakaki yake taimakon mai busa.

A 1919 ne masanin fiziks ɗan Amurka, Arthur Webster, ya wallafa lissafin da har yau ake auna ƙaho da shi. A ƙarshen shekarun 1920, da fim mai magana ya fito, kamfanin Western Electric ya saka manyan ƙahonni a bayan majigi, domin amfilifayar lokacin wat kaɗan take bayarwa.

Inda girman ya samo asali

Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Siririn sauti mai karkaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa 1,000 Hz, tsawon igiyarsa santimita 34 ne. Amma sauti mai kauri na 50 Hz, tsawon tasa igiyar ya kusa mita 7. Ƙa'idar ita ce, kewayen bakin ƙaho ya kai tsawon igiyar sautin da ya fi kauri da kake so ya fitar. In bai kai ba, sautin yana isa baki sai wani sashensa ya koma ciki, a riƙa jin wasu muryoyi sun yi kuwwa, wasu sun ɓace.

Mu buga lissafin. Ƙahon masallaci mai faɗin baki rabin mita zai fara gazawa daga wajen 220 Hz zuwa ƙasa. Muryar mutum za ta fita sarai, ganga kuwa a'a. Wanda ke son 50 Hz yana buƙatar baki mai faɗin mita 2.2, wato fili murabba'in mita 3.7. Kuma ba a buɗe hanyar da gaggawa. A tsarin da aka fi sani, filin cikin ƙahon zai riƙa ninkuwa ne duk bayan santimita 38. Idan maƙogwaron murabba'in santimita 150 ne, sai an ninka sau takwas kafin a kai bakin, tsawon mita 3 kenan. Wa ke da falon da zai ɗauki biyu irin wannan?

Dabaru biyu

Ta farko, a naɗe ƙahon. Maimakon doguwar hanya miƙaƙƙiya, sai a lanƙwasa ta cikin akwati kamar hanji. Sauti mai kauri ba ya damuwa da kwana sosai, siririn ne ke lalacewa, shi ya sa akan ba shi nasa ƙaramin ƙahon daban.

Ta biyu, a ari bangon ɗaki. Ƙahon da ke zaune a ƙasa rabin wancan bakin yake buƙata. In an jingina shi da bango, kashi ɗaya cikin huɗu. In a kusurwa ne, inda bango biyu suka haɗu da daɓe, kashi ɗaya cikin takwas ya isa: ƙasa da rabin murabba'in mita, tsawon hanyar kuma ya dawo wajen mita 1.9. Wannan dabarar Paul Klipsch ya yi amfani da ita a garin Hope na jihar Arkansas, inda ya kafa kamfaninsa a 1946. Har yau ana ƙera lasifikarsa mai suna Klipschorn, kuma wat ɗaya na ba ta wajen desibel 105 a nisan mita ɗaya. Sifikar da ke ba da desibel 85 sai ta sha wat 100 kafin ta kamo ta.

A Japan, marubuci Tetsuo Nagaoka, wanda ya rasu a 2000, ya shafe shekaru yana fitar da zane-zanen da mutum zai yanka daga filawud ya haɗa a gida, da ƙananan sifikun Fostex. A tsarinsa gaban sifikar na kallon ɗaki, bayanta ne ke hura naɗaɗɗen ƙahon. Yanzu kuma masu wannan sha'awa kan gwada zanensu a kwamfuta da manhajar Hornresp, wadda kyauta ce, kafin su taɓa zarto.

Nan aikin kafinta yake

Yawanci ana amfani da filawud mai kaurin milimita 18. Ba rowa ba ce ta hana sa tsantsar katako. Shi yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, har mahaɗa ta buɗe. A kusa da maƙogwaro kuwa matsin iska ya fi yawa, ƙaramar kafa a nan tana iya cinye kaurin sautin da aka yi duk wahalar dominsa. Don haka kowace mahaɗa sai an shafe ta da gam daga farko har ƙarshe, an matse, ba a dogara da ƙusa ba.

Ma'auni ma haka. Kuskuren santimita ɗaya a baki ba komai ba ne, amma a maƙogwaro mai faɗin santimita 5, kashi 20 cikin 100 ne. Sannan duk faffaɗan allo sai an tokare shi daga ciki, in ba haka ba zai riƙa rawa yana rera tasa waƙar. Gefe na ƙarshe kuma kada a liƙe shi sai an duba kowane lungu, don in gam ya bushe, gyara sai da fasawa.

Kafin ka sayi filawud

Ƙaho yana da nasa aibin. Sautin da ya bi hanyar mita 3 yana makara da kusan kashi 9 cikin 1,000 na daƙiƙa, sai an daidaita shi da sauran sifikun. Duk wata 'yar ƙara da amfilifaya ke yi, ƙaho zai tona ta. Kunne ma a kula da shi: masana lafiyar ji sun ƙayyade awa 8 a desibel 85, amma a desibel 100 minti 15 ne kawai.

Babban kuskuren mai farawa shi ne ya samo zane mai kyau, ya ga ya yi wa ɗakinsa girma, sai ya rage kowane gefe da rabi. Akwatin zai fito tsaf, amma iyakar kaurinsa ta tashi daga 50 Hz zuwa 100 Hz, kuɗin katako sun tafi. In wuri ya yi maka kaɗan, nemi zanen da aka yi wa kusurwa, ko ka yi ƙaho don tsaka-tsakin sauti kawai, ka bar wa akwati na yau da kullum kaurin. Ka fara auna ɗakin, sannan ka zaɓi zane.